Kafin Jihohi Su Fara Gina Gidajen Yari

A watan Maris na 2023, daf da saukarsa daga mulki, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan wasu gyare-gyare da aka yi wa kundin tsarin mulkin Najeriya. Hankalin jama'a ya fi karkata ga waɗanda suka bai wa jihohi ikon samar da wutar lantarki da shimfiɗa layin dogo, amma a cikinsu akwai guda ɗaya da ba a yi ta maganarsa ba, wanda ya cire gidajen yari daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya mayar da su cikin waɗanda tarayya da jihohi ke tarayya a kai. A wannan shekarar ce kuma ministan harkokin cikin gida na lokacin, Rauf Aregbesola, ya fito ƙarara ya ce kusan tara cikin goma na mutanen da ke tsare dokokin jihohi ake zarginsu da karyawa, don haka bai ga dalilin da zai sa Abuja ta ci gaba da ɗaukar nauyinsu ita kaɗai ba. Ko ba daɗe ko ba jima wannan nauyi zai sauka a kan gwamnoni, kuma daga asusun da ake gina ajujuwa da sayen kujeru da ɗaukar malamai za a ciro kuɗin. Ra'ayina shi ne kada jiha ko ɗaya ta ɗora tubalin sabon gidan yari kafin ta rage yawan mutanen da take tsarewa ba tare da hukunci ba, kuma kuɗin da aka tsira da shi ta wannan hanya a ɗaure shi da doka ya tafi makaranta.

Ba ina nufin a rage abincin fursuna ko albashin gandiroba ba. Duk wanda ya san halin da gidajen yarinmu ke ciki ba zai nemi haka ba. A ƙarshen 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali ya shaida wa wani kwamitin majalisar dattawa cewa naira 750 ake ciyar da fursuna a yini, alhali karen tsaro na hukumar ana kashe masa naira 800. Daga baya aka ƙara kuɗin zuwa naira 1,125, wanda a tsadar yau da ƙyar ya ba babban mutum abinci ɗaya mai ƙosarwa, balle uku. Gine-ginen ma sun tsufa. A watan Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin Suleja fursunoni sama da ɗari suka fice, a watan Satumba na shekarar kuma ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau ta yi wa na Maiduguri irin wannan ɓarna, kusan mutum ɗari uku suka tsere. Kafin nan, a Yulin 2022, 'yan bindiga sun fasa na Kuje a bakin babban birnin ƙasa. Akwai masu garkuwa da mutane da masu kisan kai da masu fyaɗe waɗanda dole ne a kulle su a wuri mai ƙarfi, kuma al'ummar da ta sha wuya a hannunsu tana da haƙƙin ta kwana da sanin cewa katangar da ke tsakaninta da su ba za ta faɗi da ruwan farko ba. Wannan kuɗi ne da ba makawa sai an kashe shi.

Asarar tana wani wuri dabam. A alƙaluman 2023, mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya sun kai wajen 80,000, a gine-ginen da aka tsara domin mutum kimanin 50,000. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Idan aka ware su gefe, waɗanda kotu ta tabbatar wa laifi ba su kai 30,000 ba, wato ɗakunan da muke da su yanzu sun ishe su har da saura. Cunkoson da ake kuka da shi, wanda kuma da shi ake kafa hujjar gina sababbin gidaje, daga ofishin 'yan sanda da kotu da ma'aikatar shari'a ya taso.

Wanda ya taɓa zama a kotun majistare ya ga yadda abin ke faruwa. A shigo da matashi da ankwa, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta tuhumar fashi ko haɗa baki, laifin da wannan kotu ba ta da hurumin sauraro. Ba za a tambaye shi ko ya amsa laifi ko bai amsa ba. Alƙali zai ba da umarnin a ajiye shi a gidan yari har sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito, a sa rana nan da makonni. Ranar ta zo, a ce fayil bai dawo ba. Wata ranar a ce ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa sauyin wurin aiki, ko motar da ke kawo fursunoni kotu ba ta da mai, ko alƙali ya tafi taro. A bayan kotu mahaifiyarsa na zaune da kular abinci da ta dafo tun asuba, ta biya kuɗin mota biyu kafin ta iso, kuma ba ta san wanda za ta tambaya ba domin ba ta da lauya. Haka wata ke bin wata har a shekara, wani lokaci har a wuce tsawon zaman da doka ta tanada wa laifin da a ce an same shi da shi. Wasu kuwa an ba su beli, amma sharaɗin ya ce sai sun kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar mallakar fili a cikin birni, abin da ɗan dako ko mai tura baro bai da hanyar samu.

Kowace rana daga cikin waɗannan ranaku gwamnati na biya. A kan naira 1,125, ciyar da mutum ɗaya na shekara ya haura naira 410,000, kuma idan aka lissafa masu jiran shari'a 50,000 kuɗin abincinsu kaɗai ya zarce naira biliyan 20 a shekara, ban da magani da tsaro da man motar kai su kotu. Abin da ya faru a watan Nuwamban 2023 ya isa misali. Ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hannu da shuni aka saki fursunoni 4,068 waɗanda abin da ya riƙe su kawai shi ne sun kasa biyan tara. Idan aka raba kuɗin a kansu, kowane ɗaya bai kai naira 150,000 ba. A farashin abinci na wancan lokaci, ciyar da su yana cin sama da naira miliyan uku kullum, wato cikin wata bakwai gwamnati ta kashe musu fiye da dukan tarar da take bin su. Mun tsare magidanta dubu huɗu, mun raba su da sana'arsu, mun bar 'ya'yansu ba mai biya musu kuɗin littafi, sannan mun biya kuɗin yin hakan daga baitulmali. Ministan ya yi abin kirki, amma tsarin da sai an roƙi kamfanoni kafin a gyara kuskurensa zai sake cika ɗakunan nan da irin waɗannan mutane cikin ɗan lokaci.

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar a shekarun baya ita ce gina manyan gidajen yari masu ɗaukar mutum 3,000, ɗaya a kowace shiyya, kuma an buɗe na Janguza a Kano a 2023. Ba na jayayya da cewa gidan yari irin na Kurmawa, wanda aka gina tun 1910 a tsakiyar birnin Kano, ya cancanci a maye gurbinsa da wuri mai iska da ruwa da asibiti. Amma maye gurbin tsohon gini dabam, ƙara yawan gadaje dabam. Muddin ƙofar shiga a buɗe take kamar yadda na bayyana, ƙofar fita kuma a ƙuntace, duk gadon da aka ƙara za a samu mai kwanciya a kansa, kuma daga ranar za a fara biyan kuɗin abincinsa da na mai gadinsa har abin da hali ya yi. Gwamnan da ya ciwo bashi ya gina gidan yari ya ɗora wa jiharsa kashe kuɗi na shekaru hamsin masu zuwa.

Abin takaici shi ne dokokin da za su rage wannan cunkoso suna nan a rubuce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu irinta, ta ƙayyade kwanakin da za a iya ajiye mutum kafin a gurfanar da shi yadda ya kamata, ta wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata domin ganin waɗanda ke tsare, ta kuma buƙaci a riƙa miƙa wa manyan alƙalai sunayen waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a. Dokar 2019 da ta sake fasalin hukumar gidajen yari ta tanadi hukuncin da ba na kulle ba, kamar ɗaurin talala da aikin yi wa al'umma hidima da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta, har ta ba shugaban hukumar a jiha ikon ya ƙi karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika. Sulhu da biyan diyya ba baƙin abu ba ne a wurinmu, domin shari'ar Musulunci da al'adar masu unguwanni da dagatai sun san su tun kafin zuwan Turawa. Abin da ya rage shi ne ma'aikata da kuɗin aiki: lauyoyin gwamnati da za su karanta fayil cikin mako biyu, lauyoyin hukumar ba da agajin shari'a da za su tsaya wa talaka, jami'an da za su sa ido a kan wanda aka yi wa ɗaurin talala. Albashin lauya ɗaya da zai fitar da mutum ɗari a shekara bai kai kuɗin ciyar da kaɗan daga cikinsu ba. Saboda haka kason farko na abin da za a tsira da shi nan ya kamata ya koma, domin idan ba a gyara kotu ba babu rarar da za a kai makaranta.

Sauran kuwa makaranta ce ta fi cancanta da shi, kuma hujjata ba ta tsaya ga tausayi ba. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa yara sama da miliyan 18 ba sa zuwa makaranta a Najeriya idan aka haɗa 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare, mafi yawansu kuma a Arewa suke. Waɗanda ke zuwa ma, da yawansu sunan zuwa kawai suke yi. Na shiga aji a wata makarantar firamare ta gwamnati inda yara suka fi ɗari a zaune a ƙasa, siminti ya farfashe ya koma turɓaya, na gaba suna dafa littafi a gwiwa, na baya kuma ba sa jin abin da malama ke faɗa ko kaɗan, tana riƙe da guntun alli ɗaya da ta saya da kuɗinta. Yaron da ya shekara shida a bayan wannan aji zai fita bai iya karanta sunansa ba, kuma mahaifinsa ba zai ga dalilin da zai sa ya bar shi ya ci gaba ba. A shekarun da ke tsakanin sha biyu da sha bakwai ake rasa irin waɗannan yara. A Kano a ce daba da ƙwacen waya, a Bauchi da Jos a ce sara-suka, a Gombe a ce kalare, a Yola a ce 'yan shila. Sunaye sun bambanta amma labarin yaran kusan ɗaya ne: ba makaranta, ba sana'a, sai majalisar lungu da ƙwaya da ɗan siyasar da ke tunawa da su lokacin zaɓe.

Ƙasa ta ga fuskokinsu a ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a babbar kotun tarayya da ke Abuja. Da dama daga cikinsu ƙananan yara ne da aka kwaso daga Kano da Kaduna, sun yi kusan wata uku a tsare, sun rame har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi ca kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. An samu motar kwaso su zuwa Abuja, an samu jami'an tsare su, an samu lauyoyin da za su tuhume su da cin amanar ƙasa, amma shekarun da suka gabata ba a samu wanda ya bi sawun ko suna cikin aji ba.

Na san za a ce ai masu digiri ma suna sata, kuma satar biro ta fi ta wuƙa yi wa ƙasa illa. Gaskiya ne, sai dai ba su ne suka cika gidajen yari ba, kuma ba su ne ake shirin gina wa sababbi ba. Haka kuma rashin ilimin boko ba laifi ba ne. Dubban almajirai sun haddace Alƙur'ani sun zama mutanen kirki masu riƙon amana a kasuwanni. Abin da nake magana a kai shi ne yaron da ba ya hannun kowa, ba malamin allo, ba malamin boko, ba ubangidan sana'a. Bincike a ƙasashen da ke ajiye alƙaluma ya nuna alaƙar a fili. Masana tattalin arziki biyu da suka yi nazari a kan Amurka, Lance Lochner da Enrico Moretti, sun nuna a 2004 cewa kammala sakandare yana rage yiwuwar a kama matashi ko a ɗaure shi, musamman a laifukan kisa da duka da satar mota.

Amurka ɗin ce kuma ta fi kowa nuna inda ɗaya hanyar ke kaiwa. Wani rahoton ma'aikatar iliminta na 2016 ya gano cewa daga wajen 1980 zuwa 2013 kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi ke kashewa a gidajen yari ya ƙaru da saurin da ya ninka na makarantu sau uku, har ƙasar ta wayi gari da mutum kusan miliyan biyu a kulle. A 2014 masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka amince da wata doka da ta sassauta hukuncin ƙananan sata da mallakar ƙwaya don sha, ta kuma umarci a riƙa lissafa kuɗin da aka tsira da shi duk shekara a zuba a asusu na musamman, kashi 65 cikin ɗari ga maganin shaye-shaye da taɓin hankali, kashi 25 ga shirin hana yara barin makaranta, kashi 10 ga waɗanda aka zalunta. Abin koyi a nan shi ne asusun da rabon da aka rubuta a doka, domin rarar da ba a sa mata suna ba narkewa take yi a cikin kasafi. Akwai kuma gargaɗi, domin bayan shekara goma, a 2024, masu zaɓen jihar sun janye wani ɓangare na sassaucin saboda ƙorafin yawan sata a shaguna. Idan aka saki mutane ba tare da mai sa ido a kansu ba, jama'a za su juya wa gyaran baya, kuma suna da hujja.

Ƙorafi mafi ƙarfi da za a yi wa wannan ra'ayi shi ne kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da buƙatar ilimi, kuma ko an kai shi can zai iya salwanta. Na yarda cewa naira biliyan 20 ba za ta sa yara miliyan 18 a aji ba. Babban gyaran yana ga kasafin kansa, wanda a matakin tarayya ya daɗe bai kai kashi goma cikin ɗari ba, alhali ƙasashen duniya sun amince a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 cewa ilimi ya samu kashi 15 zuwa 20. Yana kuma ga jihohin da ke barin biliyoyin naira a asusun hukumar ilimin bai-ɗaya saboda sun ƙi kawo nasu kason, duk da cewa dokar 2004 ta ware wa ilimin farko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Jihohi irin su Kano, da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024 ta kuma ware masa kusan kashi 30 na kasafinta, sun nuna cewa ana iyawa idan an so. Amma ƙanƙantar kuɗin dalili ne na a san inda za a sa shi. Rajistar kowane gidan yari tana ɗauke da unguwar da aka kamo kowane matashi, kuma duk wanda ya duba zai ga unguwanni kaɗan ne ke maimaituwa. Makarantun waɗannan unguwanni su ne za a fara da su, da ƙarin malamai, da abincin rana, da ajin koyon sana'a ga 'yan ƙaramar sakandare, da malamin da aikinsa shi ne ya je gida ya tambaya idan yaro ya yi mako bai zo ba. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 naira 70 yake kashewa a kan kowane yaro a wancan lokaci, kuma malamai sun shaida yadda ajujuwa suka cika saboda shi. Ko an ninka wannan kuɗi sau uku saboda tsadar kaya, abin da ake ciyar da mai jiran shari'a ɗaya a yini zai ciyar da yara biyar.

Game da salwanta kuwa, mun riga mun ga darasi. Makarantun tsangaya na zamani sama da 150 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawansu sun lalace bayan an miƙa wa jihohi saboda ba a tanadi kuɗin malamai da abinci ba. Gini shi ne abin da 'yan kwangila ke so, a makaranta ko a gidan yari. Don haka dokar da nake kira a yi ta hana a kashe wannan rara a kan gini, ta tsayar da ita a kan albashi da abinci da kayan koyarwa, ta kuma wajabta a buga sunan kowace makaranta da abin da ta samu domin kwamitin iyaye ya iya bibiya.

Wani kaso kuma ya shiga cikin gidan yarin kansa, domin mafi yawan waɗanda aka yanke wa hukunci za su fito wata rana su dawo cikinmu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa tana da cibiyoyi a gidajen yari irin su Kuje da Kirikiri inda fursunoni ke karatu kyauta, wasu har sun yi digiri na biyu. Wani nazari da cibiyar RAND ta Amurka ta fitar a 2013 ya gano cewa fursunonin da suka yi karatu a tsare yiwuwar su koma gidan yari ta ragu da kashi 43 cikin ɗari. Amma mafi yawan namu ba jami'a suke buƙata ba, yaƙi da jahilci suke buƙata da ɗinki da walda da gyaran waya. Gidajen horon yara masu laifi na tarayya kuwa an daɗe uku ne kacal, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, shi ya sa ake samun yaro ɗan shekara sha biyar a ɗaki ɗaya da riƙaƙƙen ɗan fashi.

'Yan majalisun jihohi su ne za su fara ganin wannan batu a rubuce, ranar da gwamna ya aiko da ƙudirin kafa hukumar gidajen yari ta jiha tare da kasafin gini. Kafin su amince da ko naira ɗaya, su nemi kwamishinan shari'a ya kawo musu adadin mutanen jihar da ke jiran shari'a, da tsawon zaman kowannensu, da adadin fayilolin da ke kwance a ofishinsa, da adadin waɗanda tarar da ba ta kai naira 200,000 ba ta riƙe. Su nemi kwamishinan ilimi ya zo a rana guda da adadin ɗaliban da suka gama aji shida ba su shiga ƙaramar sakandare ba, unguwa-unguwa. Sannan su rubuta a cikin dokar cewa duk shekarar da yawan masu jiran shari'a ya ragu, babban akawun jiha zai lissafa abin da aka tsira da shi ya tura asusun makarantun nan kafin ƙarshen watan Maris.